Zaman Sulhu Kan Sunan Zobeba

An yi wa yaron rajistar haihuwa a Birmingham ranar Talata, 12 ga Nuwamba, 2013, yana da kwana arba'in da ɗaya a duniya, saura kwana guda wa'adin da dokar Ingila ta ba iyaye ya cika. Sunan da aka rubuta a takardar shi ne Zobeba Manasseh Zobeba. Ma'aikaciyar ofishin ta tambayi uban sau biyu ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata, ya miƙa mata wata yarjejeniya mai shafi biyu da sa hannun mutum huɗu. Ta juya ta gaba da baya ta mayar masa, domin da Hausa aka rubuta.

Uban yaron, Manasseh Wusasa, mai haɗa magunguna ne a wani kyamis da ke Handsworth. Uwar, Justina, 'yar Kafanchan ce, nas a sashen tsofaffi na wani asibiti. Wannan ne ɗansu na fari. Zobeba kuwa sunan mahaifin Manasseh ne, wanda ya yi shekara talatin yana ɗaga wa jiragen ƙasa tuta a tashar Zariya, ya rasu a 2009.

Yadda tsohon ya samu sunan sananne ne a gidansu. A 1944, da aka zo yi wa 'yan ajinsu baftisma a makarantar mishan, an riga an samu Yohanna biyar da Bulus huɗu. Shi ya ce ba ya son sunan da zai sa a kai wa wani wasiƙarsa. Ya karɓi littafin coci, ya wuce labaran da kowa ya sani, ya je shafukan da babu komai a cikinsu sai wane ya haifi wane, ya ɗora yatsa. Baturen mishan ya duba, ya ga lallai sunan yana cikin littafi, ya zuba masa ruwa. Har tsohon ya rasu wasiƙarsa ba ta taɓa ɓata ba.

Sunan bai sha kira ba. Matarsa, Raki, ba ta faɗe shi ba tun da aka kai ta ɗaki a 1955. Mai Gida take cewa. 'Ya'yansa Baba suke cewa, 'yan tasha kuma Mai Tuta. Ranar da aka sa Manasseh a firamare, malami ya tambaye shi sunan mahaifinsa, yaron ya sunkuyar da kai, sai malamin ya rubuta masa sunan garinsu kamar yadda aka saba. Ko a takardar aurensa harafi ɗaya kawai ya sa a gurbin sunan uba. Saboda haka Justina ta yi shekara huɗu da aure ba ta taɓa jin sunan surukinta ba. Ta fara ganinsa ne washegarin haihuwa, tana gadon asibiti, a rubuce a bayan takardar magani, bayan Raki ta bugo waya daga Wusasa ta ce Mai Gida ya dawo, maganar suna ta ƙare.

Justina ta buga sunan a wayarta. Shafin farko da ta buɗe ya ce namiji ne. Na biyu ya ce mace ce. Na uku ya ce wataƙila wani gari ne da ba a san inda yake ba.

"Ban ɗauki ciki wata tara don in haifi gari ba," ta ce wa mijinta.

Manasseh ya nuna mata 'yar robar da aka ɗaura wa jaririn a ƙafa, wadda aka rubuta Baby Wusasa a kai, ya ce ai ko yanzu sunan gari yaron yake ɗauke da shi. Ta ce Wusasa dai ana iya shiga mota a je.

Kwana bakwai ya zo ya wuce ba a yi suna ba. Doka ta yarda uba ya je rajista shi kaɗai, amma Justina ta ce in ya yi haka zai dawo ya tarar ba kowa a gidan, yayarta tana nan Coventry. Raki kuma ta ce in aka sa wani suna daban kada a aiko mata ko da hoton yaron. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, ko'ina ana ƙarancin ma'aikata, ranar da Manasseh ya samu a ofishin rajista ita ce 12 ga Nuwamba, kuma an gaya masa babu wata kafin wa'adi ya cika. Justina ta gindaya sharaɗi ɗaya: a kawo mata wanda ya sani, ya tabbatar sunan namiji ne.

Fastonsu ya ce gaskiya shi ma tsallake waɗannan shafukan yake yi. Likita Abdulsalami, shugaban ƙungiyar 'yan Arewa mazauna Birmingham, shi ne ya ce akwai wani ɗalibi a Manchester.

Sunan ɗalibin Maharazu Ashafa, mutumin Gusau. Larabci ya karanta a gida, sannan ya samu tallafin karatu ya zo yin digirin digirgir kan sunayen Ibraniyanci na dā. Ya zaɓi sunaye goma sha bakwai waɗanda kowannensu sau ɗaya tak ya zo a nassi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ɗaliban Arewa da ke Manchester suna kiransa Mai Unguwar Matattu. A shekarar an haɗe sashensu da wasu sassa biyu, malamar da ke duba aikinsa ta karɓi ritaya ta tafi, an mayar da ofishin ɗalibai wurin ajiye kujeru. Sai ya koma aiki a teburin kicin na gidan da yake haya a Hulme, katunan bincikensa a jere cikin gwangwanin biskit.

Manasseh ya je ranar wata Asabar da hantsi. Bayan gaisuwa Maharazu ya tambaye shi wane suna ne. Manasseh bai faɗa ba, ya miƙa masa takardar maganin. Maharazu ya karanta, ya miƙe tsaye.

"A ina ka samu wannan?"

"Mahaifina ne."

Maharazu ya koma ya zauna. Ya ce shekara uku ke nan yana tare da sunan, bai taɓa haɗuwa da dangi ba.

Bayanin ya ɗauki awa biyu. Sunan ya zo ne a tsakiyar wani jerin zuriya, an ce wani mutum ya haifi wane da shi, shi ke nan. Amma a irin waɗannan jerin, haihuwa ba koyaushe haihuwa ba ce. Wanda ya kafa gari ma ana ce masa uban garin. Don haka wanda aka haifa ɗin zai iya zama ɗa, zai iya zama gari ko dangi. Ƙirar sunan kuma ta yi kama da ta sunayen mata. Game da ma'ana, wasu masana sun ce mai tafiya a hankali, wasu sun danganta shi da wani irin keke mai rufi, wasu da wata dabba da Larabawa ke kira dabbu, wadda malamanmu ke fassarawa da damo.

Manasseh ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce shi ba da yawa yake so ba, rabin shafi ya isa, a rubuta cewa namiji ne, a sa hannu, in da hali a buga hatimin jami'a.

"Ba zan iya ba," in ji Maharazu.

"Malam, deadline ɗina sha biyu ga wata."

"Nawa ƙarshen wata ne. Shekara uku na yi ina tabbatar da cewa ba a sani ba. In na rubuta maka an sani, me zan kai wa examiners?"

Abin da ya iya yi shi ne ya buga masa babin da ya rubuta kan sunan, shafi arba'in da biyu. Manasseh ya ɗauka ya koma Birmingham da fatan yawan takardun zai kwantar wa matarsa hankali. Justina ta karance su cikin kwana biyu tana shayarwa, ta ja layi da jan biro a wurare goma sha ɗaya. Da can ba ta san da maganar damo ba. Yanzu ta sani, har da sunayen Jamusawan da suka faɗa.

A nan ne Likita Abdulsalami ya ce a bar masa. Ya sha yin sulhu a ƙungiya: aure shida, rigimar wurin ajiye mota, da wata gardama kan tukunyar biki da ta kai wata takwas. Tsarinsa ɗaya ne, duk wanda ya zo da buƙata uku zai tafi da biyu. Ya ce bai ga dalilin da zai sa Ibraniyanci ya fi aure wuya ba. Ya sa zama ranar Lahadi, 10 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana, a falonsa, tunda an rufe zauren unguwa da suke taro tun watan Afrilu.

Maharazu ya zo a bas da gwangwaninsa. Manasseh da Justina suka zo daga coci da jaririn. Aka kira Raki, aka buɗe lasifikar waya, aka ɗora wayar kan matashi a kujerar da ta fi kowacce girma. Aka ci waina. Sannan Likita ya buɗe zama da addu'a iri biyu, ya kafa doka ta farko: ba za a ambaci sunan ba, domin ga matar mai sunan tana ji, ga ɗansa a zaune.

Maharazu ya ce zai yi wuya a yi bayanin suna ba tare da an faɗe shi ba. Likita ya ce ya yi sulhun aure uku ba a faɗi abin da ya haddasa rigimar ba. Maharazu ya ce to zai riƙa cewa "kalmar". Raki ta ce daga kan matashi mijinta ba kalma ba ne. Aka tsaya a kan "Marigayi".

Maharazu ya buɗe gwangwani ya zaro kati na farko. Ya ce bisa ra'ayi na ɗaya, Marigayi namiji ne. Kowa ya gyaɗa kai. Ya zaro na biyu, ya ce bisa ra'ayi na biyu, Marigayi wani gari ne a ƙasar Yahuza, wanda har yau ba a gano kufansa ba. Ya zaro na uku, ya dubi wayar, ya dubi Likita. Likita ya yi masa alama ya ci gaba.

"Bisa ra'ayi na uku, Marigayi mace ce."

Manasseh ya duba wayar ko layi ya yanke.

"Ɗana," Raki ta ce wa Maharazu, "shekara hamsin da huɗu na zauna da shi. 'Ya'ya bakwai."

Maharazu ya ce ba wannan Marigayin yake nufi ba, na farko yake nufi. Raki ta ce ita ɗaya ta sani.

Likita ya ce an ji kowane ɓangare, yanzu sai ragi. Ya juya ga Maharazu ya ce Malam ya zo da uku, ya yi haƙuri ya sauke ɗaya. Maharazu ya ce ba nasa ba ne balle ya sauke. Likita ya ce kowa haka yake cewa da farko. Ya roƙe shi don girman Allah ya janye macen, saboda tsohuwa. Maharazu ya ce macen ta fi garin hujja. To ya janye garin, saboda mai jego. Maharazu ya ce garin ya fi yawan magoya baya. Likita ya tambaya ko za a iya kiran magoya bayan a yi musu magana. Maharazu ya ce na ƙarshensu ya mutu kafin yaƙin duniya na biyu.

"Kun gani," in ji Justina. "Ko mai kayan bai san abin da yake sayarwa ba."

"Maman baby, a yi haƙuri," in ji Likita.

"Likita, haƙuri nake yi. Yaron nan a Birmingham zai yi school. Teacher za ta ce me sunanka yake nufi, ya ce ko keke ko ƙadangare, ana kan bincike."

Raki ta tambaya wane ƙadangare. Aka gaya mata damo. Ta ce to wannan kam an yi daidai, Mai Gida bai taɓa ɗaga murya ba, ko ranar da jirgin Kano ya take masa akuya. Aka gaya mata ɗaya ma'anar, mai tafiya a hankali. Ta ce shi ne, daga tasha zuwa gida awa guda yake yi, tafiyar da yara ke yi a minti goma sha biyar. Da aka zo kan keke mai rufi ta ce yana da keke Rale amma babu rufi, wannan Turawan sun yi kuskure. Likita ya rubuta cewa ɓangaren Wusasa ya karɓi ma'ana biyu ya sauke ɗaya.

Sannan Raki ta ce a matso da ita kusa da malamin. Manasseh ya ɗauki matashin da wayar ya ajiye a gaban Maharazu. Ta tambaye shi, shi wancan na cikin littafi, me ya yi a rayuwarsa. Maharazu ya ce ba a faɗa ba. Ya yi aure? Ba a faɗa ba. Ya yi laifi? Ba a faɗa ba. An san kabarinsa? Ba a sani ba. Ta tambaya, a duk karatun da ya yi, mutum nawa ya samu masu wannan suna waɗanda aka gani da ido. Maharazu ya duba katunansa, ko da yake ya san amsar. Ya ce ɗaya.

"Namiji ko mace?"

"Namiji, Mama."

"To rubuta."

Maharazu ya ce wannan bai shafi na farkon ba, tsakaninsu shekara fiye da dubu biyu. Amma ya zaro sabon kati, ya tambayi shekarar haihuwa, shekarar baftisma, da sunan tashar. Likita ya rubuta cewa Malam ya amince akwai namiji ɗaya tabbatacce, babu mace tabbatacciya, babu gari tabbatacce.

Justina ta ce garin bai tafi ko'ina ba, yana nan a shafi na goma sha tara zuwa na talatin. Ta ce in dai gari ne, a kai shi inda ake kai gari, can ƙarshen suna, kamar yadda aka yi wa uban yaron. Da gatse ta faɗa. Likita ya ɗauka a matsayin shawara ya rubuta. Raki ta ce sunan Mai Gida ba zai zauna a bayan na ɗansa ba, gaba zai zauna. Aka yi minti ashirin a kan gaba ko baya. Jaririn ya farka, aka shayar da shi, ya koma barci.

Likita ya ajiye biro ya ce ya ga mafita. A sa shi gaba a matsayin mutum, a sa shi baya a matsayin gari, sunan uban yaron ya shiga tsakani ya raba. Ya tambayi Raki, ta ce in dai yana gaba, bayan ma nasa ne. Ya tambayi Manasseh, ya ce shi duk abin da zai kai shi Talata. Ya tambayi Maharazu ko hakan ya saɓa wa ilimi. Maharazu ya yi tunani, ya ce a iya saninsa wannan ce mafita ta farko da ta ɗauki ra'ayi biyu a lokaci guda.

Justina ta ce ita me ta samu. Likita ya tuna mata cewa tunda yaro ya ci sunan kakansa, babu wanda zai kira shi da shi a gidan, ita ma haramun ne a bakinta har abada. Ita za ta zaɓi sunan da za a riƙa kira. Ta ce Abba. Likita ya rubuta wannan a matsayin sharaɗi na uku, a ƙasan shafi na farko, mutum huɗun da ke falon suka sa hannu, Raki ta ce amin ta waya.

Manasseh ya fara naɗe shawul ɗin yaro. Maharazu yana rufe gwangwani sai ya tsaya.

"Saura macen," ya ce.

Daga baya ya ce bai yi nufin komai ba, ya ga an bar ra'ayi ɗaya a waje ne, kuma shi ne mafi ƙarfin hujja. Likita ya ce gaskiya ne, sulhun da ya bar wani a waje ba ya daɗewa. Ya ɗauki sabuwar takarda ya rubuta sharaɗi na huɗu: in Allah ya ba gidan 'ya mace nan gaba, ita ma za ta ci sunan, don a cika ukun. Raki ta ce madalla. Likita ya tambayi Justina. A lokacin tana durƙushe tana canza wa yaron nafkin, ba ta ɗago ba, ba ta ce komai ba. Likita ya jira, sannan ya rubuta "ba ta musa ba", ya haɗa shafukan biyu da ƙusar takarda.

Maharazu ya ci jarrabawarsa a watan Fabrairu. An bar masa ƙarin bayani na layi huɗu a ƙasan shafi kan mai ɗaga tuta na tashar Zariya da jikansa. Ya koma gida yana koyar da Larabci, tunda babu mai neman Ibraniyanci. Abba ya shiga gidan renon yara yana da shekara biyu, inda ma'aikatan ke kiransa da cikakken sunansa kowace safiya, Manasseh yana kallon ƙasa.

A watan Janairun 2016 Justina tana da cikin wata bakwai. Matsayinta shi ne a shafi na farko ta sa hannu, shafi na biyu babu hannun kowa. Matsayin Likita shi ne ƙusar ta haɗa su, kuma shirun mace a zaman sulhu yarda ne. Raki tana bugo waya kowace Lahadi tana tambayar lafiyar Mai Gida ƙarami da ta ƙanwarsa. Manasseh ya aika wa Maharazu hoton shafukan biyu ya nemi ra'ayinsa. Amsar ta zo cikin shafi shida, ta ce duka fahimtar biyu suna da hujja.

A asibiti an tambayi Justina ko tana son sanin abin da za ta haifa. Ta ce a'a, kuma kada a gaya wa mijinta. An ba ta ranar 9 ga Maris.